Daga Sakkwato Zuwa Amurka: Abin Da Tafiye-tafiyen Mdou Moctar Ke Faɗa Wa Mawaƙanmu

Yau za mu ɗan ajiye labarin da muke kawo muku kashi-kashi mu leƙa duniyar makaɗa, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Da yawanku ba su san Mahamadou Souleymane ba, wanda duniya ta fi sani da Mdou Moctar. Ba'abzine ne daga Jamhuriyar Nijar, yana waƙa da harshen Tamashek, kuma da hannun hagu yake kaɗa jita. Jitarsa ta farko ma shi ya haɗa abarsa da katako da wayar birkin keke. Abin da ya sa na ɗauko zancensa a wannan fili namu shi ne, kundin waƙoƙinsa na farko mai suna Anar a Sakkwato aka ɗauke shi cikin 2008, da irin na'urar lanƙwasa muryar nan da ta cika waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin. Wato dai a rijiya ɗaya ya sha ruwa da mawaƙanmu na situdiyo.

Waƙoƙin ba kamfani ne ya yaɗa su ba. Daga waya zuwa waya suka bi, ta Bluetooth da katin memori, har suka faɗa kunnen wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, wanda ya saka ɗaya a cikin tarin Music from Saharan Cellphones a 2011. Daga nan ƙofa ta buɗe: Turai, Amurka, sai kundin Ilana a 2019, Afrique Victime a 2021 ƙarƙashin kamfanin Matador, sannan Funeral for Justice a 2024, shekarar da ya hau dandamalin bikin Coachella a Kalifoniya.

To, tambayar ita ce, me ya sa shi ya fita, dubban da suka shiga situdiyo irin wadda ya shiga suka tsaya a gida? A ganina amsar tana hannunsa. Mutumin nan a gidajen biki ya gogu, a Agadas da kewaye, inda makaɗi zai shafe sa'o'i yana kiɗa a fili, ga ƙura ga janareto, jama'a kuma ba sa yi maka kara in ka yi sanyi. Wanda ya saba da wannan, in an ɗora shi a gaban Turawan da ba su jin ko kalma ɗaya ta harshensa, ba shi da fargaba, domin yatsunsa za su yi masa tafinta. Shi kuwa namu, da yawa in an gayyace shi wasa sai a kunna faifai ya riƙe makirfo yana mamin. A ɗakin taro a Kano hakan na wucewa, saboda mun san baitocin, mu muke rera masa rabin waƙar. Amma wa zai sayi tikiti a Balin ko Shikago don ya kalli mutum yana motsa baki? Shi ya sa yawancin fitar da mawaƙanmu ke yi ba ta wuce taron 'yan uwa Hausawa mazauna can, a yi liƙi, a ɗauki hoto, a dawo.

Abin takaicin ma, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Marigayi Ɗanmaraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe taro, Shata kuma da kalangu da 'yan amshi. Fiyano da kwamfuta suka zo muka yi watsi da wannan gado kamar ba mu taɓa saninsa ba.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka yawon wasa a ƙetare hutu ne. Mawaƙi mai zaman kansa, da kuɗin tikiti da fayafayen da ya sayar a bakin ƙofa yake biyan mota da masauki da abokan kiɗa. Yau wannan gari, gobe wancan, barci a mota, azumi ma wani lokaci a hanya. Ga wahalar biza, wadda sai an nema tun watanni kafin ranar wasa, kuma in ta makara duk wasannin da aka tallata sun rushe, asarar tana wuyan mai waƙa. Sannan ga abin da ba a shirya masa ba. Ranar 26 ga Yuli, 2023 sojoji suka hamɓarar da Shugaba Bazoum, alhali Mdou da abokansa suna tsakiyar zagaye a Amurka. Aka rufe iyakoki, suka maƙale can, iyali na gida, har sai da masoya suka yi musu karo-karo ta intanet don su samu abin zama. A wannan zaman jiran ne suka shiga situdiyo a Niyok suka sake ɗaukar waƙoƙinsu da jitar da ba ta lantarki ba, abin da ya fito a 2025 da sunan Tears of Injustice. Da a ce da faifai suka dogara, da zaman banza za su yi.

Na san wani zai ce ai Turawa ne ke son kiɗan hamada, shi ya sa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin Tinariwen da Bombino sun riga sun share hanya. Sai dai ku dubi Tal National na Yamai, waɗanda ke waƙa da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan Nijar: su ma sun zagaya Amurka bayan kundinsu Kaani na 2013, kuma su ma a wasan dare da gidajen biki suka ƙware. Saboda haka harshe bai hana kowa ba.

Mawaƙinmu da ke sanar da wasanninsa masu zuwa, na Sallah ne ko na ƙetare, ina roƙonsa ya gwada ko sau ɗaya ya taho da mai kalangu da mai garaya da mai jita, su yi atisaye na sati biyu, a kashe faifan. Ni dai zan sayi tikitin wannan wasa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ci gaba da labarinmu daga inda muka tsaya.