Ra'ayinmu: Kada Matse Hoto Ya Cinye Ɗigon Ajami

Ɗalibai masu zuwa hutu Garo da sauran garuruwan Kabo da Gwarzo za su kyauta ƙwarai in suka ɗauki hotunan tsofaffin takardun ajami na malamai da wayoyinsu. Amma lalle ne su san yadda na'ura ke ajiye hoto.

A hoton fari da baƙi, hasken kowace ƙwayar hoto lambobi 8 ne na sifili ko ɗaya, hawa-hawa. Na sama nauyinsa 128, na ƙasa 1 tak. Hawan sama ke riƙe da siffa, na ƙasa kuwa ƙananan bambance-bambancen duhu. Da irin wannan dabara tsarin JPEG 2000 yake aiki: in ana son rage nauyin hoto, sai a yanke hawan ƙasa. WhatsApp ma yana matsewa ta tasa hanyar.

Ga hoton biki wannan ba laifi. Ga takardar da tawadarta ta koɗe kuwa, wasali yana iya ɓacewa, har da ɗigon da ke raba harafin ba da nun, kuma wanda ya karɓi hoton ba shi da hanyar maido su.

Saboda haka muna roƙon 'yan'uwa su adana hoton asali, su aika shi a matsayin fayil ba tare da matsewa ba, ko da kuɗin data zai ƙaru.