Tsohuwar Jif Gyara Take So, Ba Maganin Kwalba Ba

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin masu tsofaffin motocin shiga yashi ya dagule. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Mutumin birni zai iya ajiye motarsa ya hau a-daidaita-sahu. Direban da ke jigilar 'yan kasuwa a yashin Yusufari, Machina da Gaidam, ko mai ratsa hamada daga Agadas zuwa Dirku, ba shi da wannan zaɓi. Tsohuwar Land Cruiser ɗinsa ce abincinsa, ita ce kuma motar asibitin ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba.

A irin wannan matsi ne kasuwar 'yan kwalaben nan ta buɗe, waɗanda ake tsiyayawa a tanki wai su ƙara wa mai lambar oktan, mota ta ƙara ƙarfi ta rage shan mai. Raina yana ɓaci in na ga direban da bai gama biyan balas ba yana zuba kuɗinsa a nan. Ra'ayina a fili yake: ga yawancin tsofaffin motocinmu, wannan asara ce.

Lambar oktan ba ma'aunin ƙarfin mai ba ce. Tana nuna yadda mai ke jure matsi da zafi a cikin silinda ba tare da ya fashe da kansa ba kafin wutar fulogi ta gama cinye shi. Litar mai lamba 95 ba ta fi litar mai lamba 91 kai mota nesa ba, sai fa a injin da aka ƙera don matsi mai yawa. Injin 2F mai lita 4.2 da Toyota ta fara sa wa Land Cruiser a 1975, da ƙaninsa 3F mai lita 4.0, matsinsu wajen ninki 8 ne kawai, alhali na motocin zamani yakan kai 10 ko fiye. Da gangan aka yi su haka, don su sha man da ake samu a ko'ina cikin duniya. Lamba 91 da dokar ingancin fetur ta Najeriya ta gindaya ta ishe su har da rara. Wanda kuma ya ga 87 a littafin motar da aka shigo da ita daga Amurka kada ya ruɗe, ma'auninsu ne daban. 87 ɗinsu daidai yake da kusan 91 namu.

Wani zai ce, "Ai ni da kunnena nake jin injin yana ƙara in na hau tudu da kaya." Gaskiyarsa. Ƙarar nan mai kama da ana kaɗa tsakuwa a gwangwani alama ce ta man da ke fashewa ba bisa ƙa'ida ba, kuma in aka ƙyale ta tana iya huda fistin. Amma a tambayi dalili. Sau da yawa bakanike ne ya tura taimin gaba don mota ta yi saurin tashi. Ko gawayi ya taru a kan fistin tsawon shekaru, ya ƙara matsi. Ko lagireto ya toshe, inji yana ɗaukar zafi a ranar Afrilu. Tsohon inji ba shi da na'urar da ke jin wannan ƙara ta gyara taimin da kanta, don haka hannu ne zai gyara. Kwalaben kuwa, akasarinsu ba sa ɗaga lambar tanki guda ko da cikakkiyar lamba ɗaya, masu sinadarin manganis kuma suna barin jan datti a bakin fulogi.

To ina man yake tafiya? Ku buɗe matatar iska bayan hunturu ku ga ƙurar da ta cushe ta; injin kafireta da bai samun iska, mai yake zuƙa a madadinta, salansa na fitar da baƙin hayaƙi. Ku duba fulogi da wayoyinsu. Ku tambayi bakanike ina ya kai tamostat, domin al'adar cire shi da sunan "ƙasarmu da zafi" tana barin inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, sanyayyen inji kuwa mashayin mai ne. Direba yakan sassauta iskar taya don ya haye yashi, hakan daidai ne, amma ya hau kwalta ya kama hanyar Damaturu bai mayar da iskar ba. Ya bar makullan tayoyin gaba a kulle, mota na juya ƙarafan da ba ta buƙata. Ya jibga buhuna a rufi, sannan ya take totur har kilomita 110 a awa. Motar da gabanta yake a miƙe kokawa take yi da iska, kuma in gudu ya ninka biyu, turjiyar iskar ninkawa huɗu take yi. Saukowa zuwa 80 kaɗai sai an ga bambanci a aljihu.

Kada kuma a dogara da "ina jin ta rage sha". A cika tanki, a yi tafiyar da aka san nisanta, a sake cikawa, a rubuta litocin da suka shiga. Bayan gyara a maimaita a hanya ɗaya da kaya iri ɗaya.

Inda zaɓin mai yake da muhimmanci na gaske shi ne tsabtarsa. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, motoci suka lalace, layuka suka cika gidajen mai. A daji kuma dole takan sa a sayi na bumburutu, kuma ban ga laifin wanda ba shi da gidan mai kusa ba. Sai dai man da ya daɗe a jarka cikin rana yana rasa ingancinsa, ga ruwa da yashi da kan shiga. A tace shi kafin a zuba, a riƙa canza matatar mai a kan kari, a riƙe mai sayarwa ɗaya da aka yarda da amanarsa.

Kirana ga hukumar kula da harkar man fetur ta NMDPRA shi ne ta tilasta rubuta lambar oktan a jikin kowane famfo, ta kuma kai gwajin ingancin mai har garuruwan kan iyaka, ba manyan birane kaɗai ba. Shugabannin ƙungiyar direbobi su ma su wayar da kan 'ya'yansu a tasha. Kai kuma ɗan'uwa direba, kuɗin kwalbar nan ka kai shi ga matatar iska, fulogi da bakaniken da ya san taimin. A nan ne rarar man take.