Tikitin da Ba a Hau Jirgi da Shi Ba: Wayo ne ko "Hanya"?

A watan Agustan 2021 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su wallafa sunayen waɗanda suka karɓi dalar guzurin tafiya a farashin gwamnati, sannan suka soke tikitin jirgi ba su mayar da kuɗin ba. Dabarar ba ta da sarƙaƙiya. An halatta wa matafiyi sayen dala 4,000 duk wata uku. Sai mutum ya yanki tikiti, ya nuna wa banki, ya karɓi dala, ya fasa tafiya, ya zarce Wapa wajen 'yan canji. A farkon 2023, lokacin da dala take kusan naira 460 a banki, kusan 750 a kasuwa, zagaye ɗaya kan bar ribar da ta haura naira miliyan guda.

Bahaushe na kiran wannan wayo, yana murmushi, kamar ana ba shi labarin Gizo. A ganina kalmar ba ta dace ba. Wayon Gizo a kansa yake, ba ya bukatar ɗan'uwa a fada. A nan kuwa sanin dabarar bai wadatar ba, domin dala ta yi ƙaranci, kuma ba duk mai cikakkun takardu ke samu ba. Wanda ya samu cikin sauƙi shi ne wanda ake cewa "yana da hanya". Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne yadda wannan kalma take ambaton mai wucewa, ta yi shiru game da wanda ya buɗe masa ƙofa daga ciki. Umarnin wallafa sunayen ma a kan mai wucewar ya faɗa.

Wannan ƙarancin dala ne ya hana kamfanonin jiragen waje fitar da kuɗin tikitin da suka sayar da naira. Ƙungiyar IATA ta ce a 2023 abin da ya maƙale musu ya haura dala miliyan 800. Emirates ya dakatar da zuwa Nijeriya a ƙarshen Oktoban 2022, wasu kamfanonin kuma suka rufe kujeru masu rahusa. Ɗalibi da majinyacin da za a kai Masar ko Indiya, waɗanda tafiyarsu ta gaske ce, su suka sayi tikiti da tsada, da yawansu kuma suka koma Wapa suna sayen dalar da aka ware dominsu tun farko.