Wa Zai Zana Mana Adamawa Kafin Ta Sauya Kama?

'Yan'uwana ɗalibai, duk lokacin da na tsaya a kan gadar Jimeta da yamma, na ga rana tana faɗuwa a kan Binuwai, masunta a cikin kwalekwale, garken shanu yana gangarowa shan ruwa, sai in tambayi kaina: shin wa yake adana wa jikokinmu wannan kallo?

Wani mai zane Ba'amurke, Charles Russell, shi ya sa ni wannan tunani. An haife shi a 1864, ya tafi jihar Montana a 1880 yana ɗan shekara 16, ya yi shekaru yana kiwon shanu a kan doki. A hunturun 1886 zuwa 1887 sanyi ya hallaka shanu masu ɗimbin yawa. Da masu dukiya suka aiko suna tambayar halin da garkensu yake ciki, sai ya zana wata dabba ƙashi da rai, kyarketai sun kewaye ta. Wannan ɗan zane ya fito da sunansa. Daga baya ya bar kiwo, ya duƙufa ga zane, musamman da fentin mai. Kafin ya mutu a 1926, shinge da jirgin ƙasa sun cinye makiyayar da ya sani, amma tana nan a zane-zanensa.

Kada wani ya ce wannan harkar Turawa ce. Marigayi Jimo Akolo, wanda ya yi karatun zane a Zariya kuma ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya zana Fulani mahaya dawaki a 1962. Ya rasu a 2023, amma a 2025 an baje wannan zane a gidan Tate Modern da ke Landan.

To, mu fa? Tafkin Njuwa ya cike da laka har bikin sunsa ya yi shekaru ba a yi ba. Gine-gine suna cinye burtali. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun taɓa garuruwan bakin kogi. Amma yaron da ya iya zane, sai mu ce yana ɓata lokaci, ko mu tura shi rubuta allon shago.

Wani zai ce ai akwai kyamara a kowace waya. Gaskiya ne, sai dai hoton waya yakan tafi tare da wayar. Mai zane kuwa yana zama ya lura, ya zaɓi abin da ya cancanci a tuna.

Ra'ayina shi ne, aikinmu da nasu ɗaya ne. Mu muna tattara kalmomin kiwo da su kafin tsofaffi su tafi da su, su kuma suna adana kamannin abin. Don haka mu nemi masu zanen Yola da Jimeta, mu yi hira da su, mu rubuta kundin digiri a kan rayuwarsu da Hausa. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.