Wa Zai Riƙe Talaka Ran Da Ƙarfinsa Ya Ƙare?

Jama'ar Janbako da Mafara da Bakura da Maradun, ku saurara.

Da, mutum na noma gandun ubansa, in ya tsufa 'ya'yansa su ci da shi. Da aka gama madatsar Bakolori a 1978 aka yanka gonaki, aka ce arziki ya zo. Manoman da suka nemi diyyarsu a 1980, harsashi aka ba su. Daga nan mai gona ya koma ɗan ƙwadago. Yau kuma 'yan bindiga sun kori da yawa daga gonakin. Saurayi ya kama acaɓa, wani ya faɗa ramin zinariya, wani yana dako a kasuwar Mafara ran Talata. Sana'a ta sake, gandu ya watse, to, wa zai riƙe tsoho?

Tun 1999 muke jefa ƙuri'a. Dokar fensho ta 2004, wadda aka gyara a 2014, ta ce mai albashi ya ajiye 8 cikin 100, ubangidansa ya ƙara masa 10. Madalla. Amma mai tireda da mai kosai da lebura, wa ke ubangidansu? A 2019 aka buɗe wa masu sana'ar hannu ƙaramin fensho, aka ce kowa ya zuba nasa, ba mai ƙara masa ko anini. Wannan ai asusu ne aka sake wa suna.

Kada a ce mana babu kuɗi. A nan Zamfara aka yi dokar ba tsohon gwamna naira miliyan 10 kowane wata, sai da jama'a suka yi ca kafin majalisa ta soke ta a 2019. Ashe in ana so, ana samu.

Abin da muke nema a fili yake. Kowace naira talaka ya ajiye don tsufansa, gwamnati ta ɗora masa wata. A karɓa ta hannun ƙungiyoyin kasuwa da na manoma, a ba kowa rasit, a karanta lissafi a bainar jama'a.

'Yan'uwa, duk mai neman ƙuri'arku ku tambaye shi wannan kafin ya ba ku sabulu da atamfa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.