Ƙwai yana riga jini fita

Ƴan'uwa maza da mata, akwai wata magana da ta bazu cikin garuruwanmu: wai mace mai goyo ba ta ɗaukar ciki sai ta ga haila. Wannan magana ta jefa mata da dama cikin kwanika. Ya kamata mu bar ta.

Ga yadda jikin mace yake aiki. Ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙululu, girmansa kamar ƙwarar wake. Shi ke aika sinadarai cikin jini, su ba gidan ƙwai umurni ya nunar da ƙwai guda. Gidan ƙwai kuma ya saki nasa sinadaran, su gyara shimfiɗar mahaifa, kamar yadda manomi ke sharar gona kafin ruwan shuka. In ƙwai ya fita bai gamu da maniyyi ba, sai sinadaran su ragu, shimfiɗar ta zube. Ita ce haila.

Ke nan ƙwai ne ke fara fita, jini ya biyo baya da kamar kwana 14. Ƙwan ba ya wuce kwana 1 da rai, amma maniyyi yana iya jiransa har kwana 5 cikin jikin mace. Saboda haka mai goyo tana iya ɗaukar ciki ba ta ga jini ko sau ɗaya ba.

Gaskiya ne shayarwa tana jinkirta fitar ƙwai. Amma sai da sharuɗɗa 3: jinjiri bai kai wata 6 ba, nono kaɗai yake sha dare da rana, kuma haila ba ta dawo ba. In an fara ba shi kunu ko ruwa, kariyar ta ragu.

Wasu za su ce wannan zance abin kunya ne. To, ina kunya ga uwar da ke fama da goyo da ciki, ga ɗan da aka yaye ba lokacinsa ba yana ramewa? Ma'aikatan lafiya suna ba da shawara a jira shekara 2 bayan haihuwa kafin wani ciki.

Maigida, kada ka bar wa uwargida wannan nauyi ita kaɗai. Kafin jinjiri ya cika wata 6, ku tafi gidan likita tare, ku tambayi ungozoma hanyar tazarar haihuwa da ta dace da ku. Gonar da ta huta ita ke cika rumbu.