A RABA MAI LINZAMI DA MAI FAD A GASAR HARBI

Duk wanda ya saba leƙa gidajen gem na Jalingo, ko ya zauna da ɗaliban Jami'ar Jihar Taraba da maraice, ya san gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin samari masu wasan harbe-harbe ta intanet. Waɗansu sun ce mai allon madannai da linzamin kwamfuta shi ne sarkin fage. Waɗansu kuwa sun rantse mai hannun wasa, watau fad, ya fi kowa morewa. Da a fatar baki abin ya tsaya, da ba sai an tanka ba. Amma da zarar an shirya gasa, an karɓi kuɗin shiga, an sa kyauta, magana ta zama ta haƙƙi.

Gaskiya ita ce kowane ɓangare yana da inda ya fi ɗan'uwansa. Mai linzami yana saiti da dukan hannunsa, yana iya juyawa baya cikin ƙiftawar ido. Yatsunsa na hagu suna kan madannai dabam-dabam, ya yi tsalle, ya durƙusa, ya sake bindiga, saitinsa bai gushe ba. Mai fad kuwa da babban yatsa ɗaya yake saiti, kuma galibi sai ya ɗaga yatsan nan kafin ya danna tsalle. Amma wajen tafiya shi ya fi walwala. Madannan W, A, S da D fuska 8 kaɗai suke bayarwa, alhali sandar fad tana bin kowace fuska, ko da sanɗa ko da gudu.

Saboda raunin babban yatsa ne kamfanoni suka ba mai fad ɗan taimako. Idan saitinsa ya zo kan abokin gaba sai wasan ya rage masa gudu, har ya riƙa bin mutumin kaɗan-kaɗan. A faɗan kusa da kusa wannan taimako ba ƙarami ba ne. Tun da Call of Duty ya haɗa masu kwamfuta da masu PlayStation da Xbox a fage ɗaya cikin 2019, ƙorafi bai yanke ba. Cikin 2023 kamfanin Ubisoft ya fito da Mousetrap a wasan Rainbow Six Siege, domin kama masu amfani da linzami a ɓoye suna nuna kamar fad suke riƙe. A watan Agusta na 2024 kuma masu Apex Legends suka rage ƙarfin taimakon saitin.

Ke nan masu ƙera wasannin, da injiniyoyinsu da dukiyarsu, har yau gyara suke yi. To, ina ga mai gidan gem a Jalingo? Shi ya sa ya kamata a dubi yadda wasannin waya suka yi, tun da waya ce ta fi sauƙin samu ga yaran gari. PUBG Mobile yana ware masu buga shi a kwamfuta su kara da junansu. Call of Duty: Mobile, wanda ya fito a Oktoba 2019, yana haɗa mai fad da mai fad.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A filin sukuwa ana ware dawaki aji-aji, a fagen kokawa kuma ba a tura yaro ya kama ƙato. Lalle ne masu shirya gasa su yi aji 3: masu yatsu a kan waya, masu fad, da masu linzami. A faɗi wannan kafin a karɓi ko kwabo, sa'an nan a duba kayan kowa kafin a fara.

Wani zai ce 'yan wasan ba su da yawa, in an raba su kyautar za ta ƙanƙance. To, sai a yi gasar da kaya iri ɗaya, mai gida ya ba kowa fad irin na ɗan'uwansa. Ɗalibin da ya tsimi kuɗin abincinsa ya biya kuɗin shiga, in an kayar da shi, ya san gwaninta ce ta kayar da shi, ya miƙa hannu a gaisa. In kuwa yana zargin kayan wani ne suka ci kuɗinsa, gobe ba zai dawo ba, kuma ba zai tafi shi kaɗai ba. Allah ya sa masu gidajen gem su gane.